Yadda Atamfar Inna Ta Je Accra

Tun da na dawo daga Ghana ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayin bakin layinmu a Makera, a ƙofar masallaci, har cikin keke in na haɗu da wanda ya san ni, maganar ɗaya ce: "Malam Isiyaku, wai da gaske kamfaninku ya ɗauke ka tun daga Kaduna har Accra don ka je ka yi ɗinki?" Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai na bar aiki na koma tela. Shi ya sa na zauna in faɗe shi daga tushe.

Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin sabulu da man girki mai reshe a Kakuri, hedikwatarsa kuma tana Accra. Wata Litinin Manaja ya tara mu ya ce hedikwata ta gina sabon bene, a falon shiga akwai wani ƙaton bango, kuma maimakon a sayo zane daga waje a rataya, an ɗauko wata mai fasaha da za ta haɗa ma'aikata su yi abin da hannunsu. Kowane reshe zai tura mutum biyu, kowa ya zo da wani ƙyalle ko zani mai tarihi daga gidansu.

Manya suka fara gyara zama, kowa na hango kansa a jirgin sama. Da Manaja ya ce a mota za a je, sai ga shi kowa ya tuna yana da ciwon baya. Haka abin ya gangaro kaina, ni da Madam Saratu, sakatariyarmu, wadda ke zaune a unguwar Television. Mun daɗe muna aiki tare, kuma tun ranar farko ba ta taɓa raga mini ba.

Na ce, "Oga, me za a yi da zanin?"

Ya ce, "Kamar gidan tarihi ne. A rataya, manyan baƙi su gani, a ɗauki hoto."

"A dawo mana da shi?"

"To, ci za su yi?"

Da wannan bayanin na je wurin mahaifiyata. Marigayi Babanmu ya yi rayuwarsa a masaƙar Kakuri, a kan injin buga zane. Ranar da aka rufe masaƙar ya shigo gida da turmin atamfa guda, shuɗiya mai zanen zabbi, ya ajiye a cinyar Inna. Ba ta taɓa ɗinka ta ba. Tana ƙasan akwati, cikin kafur, sai dai lokaci-lokaci ta fito da ita ta sha iska. Ko yayyena mata da suka yi aure ba su ga ƙeyarta ba.

Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Auta, manyan mutane za su gani?"

Na ce, "Manya ƙwarai, Inna."

Ta jawo akwatin. "To, su ga aikin Babanku. Amma yadda na ba ka, haka za ka dawo mini da ita. Ko ƙamshinta ya ragu zan sani."

Da sassafe muka haɗu da Madam Saratu a garejin Television. Ni da jaka ɗaya, ita da jakunkuna, da kula, da galan na kunun aya, sai ka ce ƙaura za ta yi. Nata zanin ankon zumuntar matan cocinsu ne, wanda ta ce ya halarci bukukuwa da jana'izu fiye da fastonsu. Da ta ga yadda na rungume jakata a ƙirji sai ta ce, "Malam, jariri ne a ciki? In shi ne ka ba ni in goya."

Kafin mu wuce Abuja wani mai wa'azi ya tashi ya yi mana addu'a da Turanci, ya gama ya buɗe jaka ya koma tallan maganin basir. A Lakwaja muka tsaya cin abinci, na sayi soyayyen kifi, Madam ta ƙwace ta shinshina ta ce wannan kifin ya girme ni, ta buɗe kularta ta ɗora mini dafa-duka. Daga nan na daina yi wa kayanta dariya. Mun shiga Legas a gajiye, muka kwana a masaukin kamfani, washegari muka hau babbar motar da ke bin gaɓar teku zuwa Ghana.

A iyakar Seme na fara jin kunya. Ana neman katin rigakafin shawara, na lalubi aljihu, sai na tuna yana can Makera cikin aljihun wani kaftani. Aka nuna mini wani ɗan ɗaki aka ce in shiga a yi mini sabuwa. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar allura. Ma'aikaciyar jinyar tana ɗaga hannu na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Madam Saratu na tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Sista, ki yi a hankali, auta ne."

Da muka fito, wani jami'in kwastan ya ce in buɗe jaka. Dattijo ne, ya ji muna Hausa sai shi ma ya juya harshe. Ya ɗaga atamfar, ya juya ta, ya karanta rubutun da ke bakinta, ya kalle ni, ya sake karantawa.

"Wannan a Kaduna aka yi ta?"

"A Kakuri, ranka ya daɗe."

"Kuma fita za ka yi da ita?"

"Fita."

Sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. Ya ce tun da ya kama aiki a iyakar nan atamfa shigowa take yi, yau ga wadda za ta fita, su zo su gani kada a ba su labari. Suka kewaye ni kamar masu kallon ɗan biri. Ya ninke ta da kansa, ninki mai kyau, ya ce, "Allah ya kai ta lafiya." Ni ko addu'a bai yi mini ba.

Benin da Togo mun ratsa su kamar mai ratsa tsakar gidan maƙwabci: ka sauka, a buga hatimi, ka hau, kafin ka gyara zama an ce ka sake sauka. Abin da na riƙe daga Kwatano shi ne 'yan acaɓansu masu rigar ɗorawa, sun fi na Kasuwar Barci yawa, ga mata zaune a baya da tire a ka ba ko riƙewa. A Lome wata mai burodi ta yi mini Faransanci, na yi mata Hausa, muka rabu kowa na murmushi, na tafi da burodi mai tsawon sanda wanda ya kusa cire mini haƙori.

A Accra aka sauke mu a wani otal kusa da hedikwatar. An ce mu hallara ƙarfe takwas. Na shirya, na buga wa Madam ƙofa, muka isa, muka tarar ba kowa sai masu shara. Na fara yi wa mutanen Ghana tsiya, ina cewa ashe lattin nasu ya fi namu, sai mai gadi ya nuna mini agogon bango. Ashe suna bayanmu da awa guda, agogon hannuna kuma bai sani ba. Madam ta ce, "A rubuta a ajiye. Yau Malam Isiyaku ya riga kowa zuwa aiki, amma sai da aka canja masa ƙasa."

Da yake akwai lokaci, muka fita neman karin kumallo. A bakin titi muka samu wata Hajiya 'yar Zangon Nima da layin mutane a gabanta, kowa tsaye a nutse, ba mai ture wani. Wannan kaɗai ya isa abin kallo ga mutumin Kaduna. Na leƙa tukunyar na tambayi sunan abincin, aka ce "wace". Na duba da kyau: shinkafa da wake ce! Namu ne, suka gutsure sunan, suka ɗora masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda ya sa na ga taurari da rana tsaka. Kokonsu ma "Hausa koko" suke ce masa, amma yajin da ke ciki ko a Kano ba a yi mana wannan muguntar.

Hajiyar ta ji mu sai ta washe baki. Ta nuna Madam ta ce mini, "Matanka ne? Ya ci kifi ko ya ci nama?"

Madam ta tafa hannu. "Ka ji ko, Malam? Shekara da shekaru kana gyara mini Hausa, wai ba a ce wa mace 'ya'. Ga shi na zo inda ake Hausa ta gaskiya."

Hajiya ta ce, "Gaskiya ne. Ya iya magana."

Na duƙufa na ci abincina.

Benen kuwa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. An kwashe kujerun falon an shimfiɗa tabarmi, ga ma'aikata daga Abidjan, Lome, Dakar, Kumasi da Legas, masu kwat da masu kayan aiki, kowa ya cire takalmi. Mai fasahar sunanta Akosua, doguwa, kanta a aske ƙwal, wuyanta cike da duwatsu, ƙafarta ba takalmi. Da a Makera ta fito haka, da an ce a kai ta a yi mata ruƙiyya. Amma tana buɗe baki kowa ya nutsu. Mutanen nan ba sa fara magana sai da roƙo. Ko zaginka za su yi sai sun ce "don Allah" tukuna.

Ta ce, da Turanci, a ginin nan ba wanda ya san mai ɗaukar katan a Dakar ko mai buga takarda a Kaduna sai a matsayin suna a kwamfuta. Tana son duk wanda ya shigo ƙofar nan ya fara cin karo da su. Don haka za mu haɗa zani ɗaya, ƙato, mai rufe bangon, daga abin da kowa ya kawo. Na gyaɗa kai, magana ta yi daɗi.

Sai ta ɗaga wani kwando. Almakasai ne cike.

Ta ce kowa ya tashi ya faɗi tarihin ƙyallensa, sannan ya yanki kamar faɗin sallaya, a haɗa da na maƙwabcinsa.

Na raɗa wa Madam, "Yanka ta ce?"

"Yanka ta ce."

"Manaja ya ce ratayawa."

"Manaja ya taɓa karanta saƙo har ƙarshe?"

Na mayar da atamfar cikin jaka na zauna a kanta.

Aka fara. Wata daga Abidjan ta kawo majanyin da ta goyi 'ya'yanta duka da shi. Wani direba daga Kumasi ya kawo rigar makarantar ɗansa da ya zama likita. Madam ta tashi ta ba da labarin ankonta, yadda matan zumunta suka sa shi suka kwana a gidanta lokacin da mijinta ya rasu, suka yi ta dafa abinci har ta dawo hayyacinta. Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba, ga shi teburinta na kallon ƙofar sitona. Ta sa almakashi ƙyat, ta zauna tana share ido tana hararata, wai kada in kuskura in faɗa a ofis.

Kusa da ni wani dattijo ne mai furfura, da wando da 'yar shat. Tun shigowarsa na gane shi, don hotonsa na rataye a saman kan Manaja: shugaban kamfanin gaba ɗaya. A nan kowa sunansa yake kira, gatsau, har yaran da aka ɗauka aiki bana. Ni dai bakina ya ƙi. "Ranka ya daɗe" nake ce masa, shi kuma ya ɗauka sunan wani ne, yana ta waiwaye. Ya kawo baƙin zanin da ya ɗaura ranar jana'izar mahaifiyarsa, ya yanka ba gardama.

Da layi ya zo kaina na miƙe na faɗi labarin Baba da masaƙa, da yadda jiniyar tashi daga aiki ke kaɗawa a da, kekuna su cika titin Kakuri har mota ba ta wucewa. Na buɗe atamfar, aka yi ta sha'awar zabbin. Akosua ta miƙo almakashi. Na ce ta yi haƙuri, ba tawa ba ce, amana ce.

Ba ta ja ba. Ta ce, "Don Allah, ba dole. Amma ba zan rataya ta ita kaɗai ba, bangon na haɗuwa ne. Ka yi tunani zuwa gobe."

Ranar nan sai aka sa ni taya shugaba ɗinke nasa da na direban Kumasi. Madam ta ce allura ta biyo ni har Ghana. Ni ban iya ba, shi kuma ya fi ni rashin iyawa; ɗinkinsa na tafiya kamar hanyar Kachia. Na gani, amma wa zai gaya wa mai kamfani ya karkace? Na yi ta cewa, "Madalla, ranka ya daɗe." Madam ta leƙo, ta karɓe ƙyallen daga hannunsa, ta warware zaren tas, ta ce, "Baba, sake. Wannan ko buhun masara ba zai riƙe ba." Na jira a kore mu daga aiki. Sai dattijon ya gyara tabarau ya ce, "To, Madam," ya sake zura zare.

Da yamma na tsaya na kalli abin da aka haɗa a ƙasa. Dakar na nan, Lome na nan, ankon Television na nan. Kusa da shi an bar fili. Na yi tunanin in ruga kasuwa in sayo wata atamfa in yanka, wa zai sani? Madam ta ce ita za ta sani, kuma bakinta ba ya da zif. Na yi tunanin in koma da ita lafiya, Baba ya zo har Accra ya koma ba wanda ya gan shi. Wannan ma bai kwanta mini ba. Bayan la'asar na kira wayar yayata na ce ta kai wa Inna.

Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar lafiyar awaki. Inna ta ce, "Auta, me ya samu atamfar?"

"Ba komai, Inna. Sai dai... wai yankawa ake yi."

Sai ta katse ni.

"Duka?"

"A'a, kamar faɗin sallaya. A haɗa da na sauran mutane, a rufe bango da shi. Na ce musu ban yarda ba."

"Su sauran, tsummokara suka kawo?"

Na gaya mata na majanyin, da rigar makarantar, da zanin jana'izar, da ankon Madam.

Can ta ce, "Babanku kullum faɗa yake mini a kanta. Ya ce shi bai yi atamfa don asu ya cinye a akwati ba, don almakashi ya yi ta. Ni ce na kasa." Ta ja hanci. "Wa zai yanka?"

"Ni, Inna."

"Kai? Kai da ko farcenka ba ka yankewa daidai? Ba Saratu waya."

Na miƙa. Madam ta rusuna kamar Inna na ganinta, tana "To, Mama. To, Mama." Umarni uku aka ba ta: a yanki gefen da ke da rubutun Kaduna, kada a raba zabuwa biyu, kuma kada a sa shi can ƙasa inda ake jingina tsintsiya.

Washegari Madam ta yi bismillarta irin tasu, ni na yi tawa, ta sa almakashi. Na kau da kai kamar ranar Seme. Amma ɗinkin ni na yi shi, da hannuna, na haɗa zabbin Baba da ankon zumunta ta dama, da baƙin zanin shugaba ta hagu. Na soki yatsana har na daina ƙirgawa. Da aka gama kwanakin aikin aka ja zanin sama da igiyoyi, falon ya ɓarke da tafi. Namu ya faɗo daidai tsayin idon mutum, kusa da ƙofar lifta, inda dole mai jira ya tsaya ya karanta. Na ga wata ma'aikaciya ta matsa ta sa yatsa a kan rubutun tana haɗa baƙaƙen. Na shiga banɗaki na ɗan jima. Yajin ƙasar nan ba ya barin idon mutum lafiya.

Dawowa ba wani labari, sai dai dattijon kwastan ba ya bakin aiki, na ji haushi, don na so ya san wani yanki ya zauna can.

Inna ta karɓi atamfar, ta shinshina, ta bi bakin yankan da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta ce Saratu 'yar halak ce. Na nuna mata hoto a waya, ta kalla ta kalla, ta miƙo mini wayata. Na zaci akwati za ta mayar. Da safe sai na ji tana aika a kira mata tela.

Ranar sunan jikar wata ƙawarta a Kakuri ta sa ta, riga da zani da ɗankwali, abin da ya saura ya isa cif. Da yamma ta dawo tana sababi tun daga zaure. Wai tana tafiya wani tsoho mai sanda ya tsaya cak a gabanta, ya cire hula, ya ce sunansa Yohanna, layinsu ɗaya da Baba a masaƙa, shi ke haɗa shuɗin nan. Ya yi dariya, ya yi kuka, ya kira wasu tsofaffi biyu daga gindin mangwaro su zo su gani. Suka rako ta a ƙafa har bakin titi, suna gardamar wanda ya fara zana zabuwar, suka tare mata keke, suka tsaya suna ɗaga hannu.

Na ce, "To Inna, mene ne abin faɗa a nan?"

Ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kalli yayata ta gefen ido.

"Maza uku, Auta, a tsakiyar Kakuri, da tsufana. Da na san haka take jan ido, ai da tun Babanku na da rai na ɗinka, ya ji abin da na ji a kan 'yan matan masaƙa."